Wasiƙar Akawu: Matani Da Sharhi Cikin Takardun Saitin Kwamfuta

Malam Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni filin nan da ka saba ba ni, domin in yi magana da 'yan'uwana akawuna da sauran masu karatu bisa wata gardama wadda ta daɗe tsakanin masanan kwamfuta, ba ta kuwa ƙare ba har yau. Wanda ya ji ta daga nesa sai ya ce hira ce ta waɗanda ba su da aikin yi. Amma duk wanda ya taɓa riƙon fayil a ofis, ya ga yadda umurni ɗaya da ya tsufa ya ke ɓad da ma'aikaci, zai gane ta nan da nan, zai kuma san da hasara a cikinta.

Bari in fara da bayyana abin da a ke gardamar a kansa, saboda waɗanda ba su saba ba. Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita duka. Waɗanda ke yi wa ofisoshi da bankuna da gidajen waya hidima, galibinsu suna aiki ne da zuriyar wata tsohuwar manhaja mai suna Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a gidan bincike na Bell Labs, a Amurka, cikin 1969. Linux da dangin BSD duk kan tafarkinta su ke. To, al'adar wannan zuriya ita ce, ba a ɓoye umurnin da a ke ba kowace manhaja cikin wani wuri da ido ba ya gani. A kan rubuta shi da haruffa sosai cikin fayil, a ajiye a wani aljihu da a ke kira /etc, kowa ya buɗe ya karanta. Wannan fayil shi zan riƙa kira takardar saiti. A cikinta a ke cewa wa zai shiga, ta wace ƙofa, da wane mabuɗi, ina za a ajiye abu kaza, nawa za a ajiye.

A cikin takardar nan akwai rubutu iri biyu. Akwai wanda na'ura ke karantawa ta bi, akwai kuma wanda aka yi domin mutum kaɗai. Na biyun a kan sa masa wata alama a farkon layi, yawanci alamar #, mai kama da gidan dara, waɗansu kuwa suna sa alamar ; a maimakonta. Da na'ura ta ga alamar sai ta tsallake layin, kamar ba a rubuta kome ba. Malamanmu na zaure ba za su sha wuyar gane wannan ba, gama haka littattafansu su ke, matani a tsakiya, sharhi a gefe. Tambayar ke nan: sa'ad da masu yin manhaja za su miƙa wa mutum takardar saiti sabuwa, wadda bai taɓa ba tukuna, sharhi nawa ya kamata su zuba a cikinta?

Waɗansu sun ce a zuba duka. Misalin da ya fi shahara shi ne Squid, manhajar da ofisoshi ke sawa tsakanin ma'aikata da intanet. Shekaru da yawa takardar saitinta, kamar yadda mutane su ke samunta, layi dubbai ce, alhali kuwa layukan da na'ura ke bi ba su wuce 'yan gomomi ba. Sauran duk bayani ne, watau an kwashe littafin jagora kacokan an juye shi cikin takardar. Ta PHP, wadda a ke gina shafunan intanet da ita, ta kusa layi 2,000. Ta PostgreSQL, ma'ajiyar lissafi da sunaye, wajen layi 800 ce, kusan kowane layi an rufe shi da alamar #, yana nuna abin da manhaja za ta yi in ba a ce mata kome ba.

Ban yarda a raina hujjar mutanen nan ba, domin tana da ƙarfi. Abu na farko, matambayi ba ya ɓata, amma fa sai ya san sunan garin da ya ke nema. Baƙon da bai san akwai wani saiti mai hana abu kaza ba, yaya zai neme shi cikin littafi? In kuwa an jera masa su duka a gabansa, kowane da ɗan bayani, ai ko yana wucewa idonsa ya faɗa a kai. Abu na biyu, lokacin da a ke buɗe takardar saiti galibi ba lokacin natsuwa ba ne. Na'ura ta tsaya, ma'aikata sun yi cirko-cirko, babban ofis yana ta bugo waya. Ba a fafe gora ranar tafiya, mutumin da ke cikin wannan hali ba ya son a ce da shi ya je ya karanta shafi talatin. Har wa yau akwai abu na uku wanda masu zama inda intanet ke da araha su kan manta. Ba kowace na'ura ce ta ke zuwa da littafin jagorarta ba. Ubuntu, alal misali, tana da wani bugu da aka rage wa kaya domin ya yi sauƙi, an cire masa shafunan jagora, sai mutum ya ba da wani umurni na musamman kafin a sauko da su. In layin intanet ya yanke, ko kuwa na'urar ita kanta ce ƙofar intanet ɗin ofis, to, sharhin nan da ke cikin takarda shi kaɗai ne malamin da ya rage. Mu da mu ke sayen intanet da awo, mun san wannan ba tatsuniya ba ce.

Duk da haka ni ina tare da ɗaya ɓangaren a mafi yawan maganar, ga kuwa dalilina. Takardar saiti tana da iyayengiji biyu, wanda ya yi manhaja da wanda ke aiki da ita. Muddin ba ka taɓa ta ba, ta mai manhaja ce, duk sa'ad da ya fito da sabon bugu sai ya musanya ta shiru. Ranar da ka canja harafi ɗaya a cikinta kuwa ta zama taka, ba shi da ikon ya taɓa ta sai da yardarka. Wannan daidai ne, babu mai son a shafe masa aikinsa da dare. Amma ku duba abin da ya biyo baya. Sa'ad da takardar ta zama taka, ba layinka ɗaya da ka canja kaɗai ya daskare ba, sharhin duka ya daskare tare da shi. Manhaja tana ta tafiya, shekara bisa shekara, bayanin da ke cikin takardarka yana nan tsaye inda ka bar shi, yana ba da labarin wata manhaja wadda babu ita yanzu.

Ga misali wanda ya auku sosai. OpenSSH ita ce manhajar da a ke shiga na'ura da ita daga nesa, mutanen OpenBSD suka fito da ita cikin 1999, yau kuwa da wuya ka sami babbar na'ura wadda ba ta da ita. Takardar saitinta sunanta sshd_config, dabarar da aka bi a cikinta kuwa ita ce a rubuta kowane saiti tare da abin da manhaja ke yi da kanta, sa'an nan a rufe layin da alamar #. Ɗaya daga cikin layukan, mai suna PermitRootLogin, shi ke faɗin ko babban mai iko na na'ura, wanda ke iya shafe kome, zai shiga daga nesa. Shekara da shekaru amsar asali ita ce i, ya shiga, ko da kalmar sirri kaɗai. Cikin watan Agusta 2015, da bugu na 7.0 ya fito, aka canja: ba ya shiga da kalmar sirri, sai da mabuɗi. Canji ne mai kyau ƙwarai, gama ɓarayin intanet dare da rana su ke gwada kalmomin sirri a wannan ƙofa. To, amma mutumin da ya kafa na'urarsa a 2013, ya ɗan gyara takardar, ya sabunta manhaja a bayan 2015, fa? Takardarsa tana nan tana ce masa amsar asali i ce. Manhaja kuwa ta ce a'a. Ya zo zai shiga, an hana shi, ya buɗe takarda ya karanta, ta tabbatar masa da cewa shi ke da gaskiya. Sai ya bar jaki yana dukan taiki, yana zargin waya, yana zargin kalmar sirri, alhali takardar ce ta tsufa. A nan dai kuskuren ya faɗa wajen tsaro, an kulle ƙofa ne. Ku kwatanta in da a ce juyin ya zo ta ɗaya hannun, takarda tana cewa a kulle ta ke, ita kuwa a buɗe.

Mu akawuna mun san wannan ciwo tun kafin kwamfuta. Takardar umurni ta zo daga hedkwata, wani ya kwafe ta da hannu ya manna a bayan murfin rajista domin sauƙi. Bayan shekara biyu wata ta zo ta soke ta, aka sa sabuwar cikin fayil ɗinta yadda ya kamata, amma babu wanda ya tuna da kwafin da ke bayan murfi. Sabon akawu ya zo, wanne zai bi? Wanda ke gaban idonsa mana. Umurni in ya zauna wuri biyu, ɗaya zai tsufa, wanda ya fi kusa da hannu kuwa shi ya fi saurin tsufa, domin ba shi a ke gyarawa ba.

Akwai wata wahala kuma wadda ta fito daga wannan tushe. A Debian, wadda Ian Murdock ya kafa cikin 1993, da 'yarta Ubuntu, in ka gyara takardar saiti, mai manhaja shi ma ya canja tasa, sai na'ura ta tsaya a tsakiyar sabuntawa ta tambaye ka: ka riƙe taka, ko a sa sabuwa? In ka riƙe taka, sai a ajiye sabuwar a gefe da wani laƙabi a ƙarshen sunanta, .dpkg-dist. A dangin Red Hat laƙabin .rpmnew ne, a Arch kuwa .pacnew. Na'ura ba ta bambanta canjin umurni da canjin sharhi a nan. Ko waƙafi ɗaya mai manhaja ya gyara cikin bayaninsa, tambayar nan sai ta taso. Takarda mai layi dubu biyar ta bayani kuwa, ina ranar da za a fito da sabon bugu ba a gyara kome a cikinta ba? Saboda haka mutum ya kan gaji da tambaya, ya saba da danna amsa ɗaya ba tare da ya duba ba. Ranar da canji mai muhimmanci ya zo, shi ma haka zai danna ya wuce.

Sa'an nan ga wuyar nema. Wanda ya gaji na'ura daga hannun wani, abin da ya ke so ya sani ɗaya ne: me mutumin nan ya canja? In takardar layi goma sha biyu ce, kallo ɗaya ya isa. In layi dubbai ce, layi ukun da aka canja sun nutse kamar allura cikin rumbun gero. Abin dariya shi ne, masu manhaja da kansu sun yarda da haka, domin sun ƙera kayan aikin da ke share sharhin da suka rubuta. Postfix, manhajar aika wasiƙu wadda Wietse Venema ya fito da ita cikin 1998, tana da umurnin postconf -n, mai nuna maka abin da aka rubuta sosai cikin takarda, ba tare da bayani ba. Samba tana da testparm. Kowane ma'aikacin Linux kuwa, cikin abubuwan da ya ke fara koya har da yadda zai sa grep ta tace masa layukan da suka fara da #. In abin da kowa ke fara yi da rubutu shi ne ya kawar da shi daga gabansa, lalle ya kamata a sake tunani a kan inda aka ajiye shi. Mutanen Squid ma daga baya sun raba abin biyu, gajeriyar takarda ta aiki dabam, doguwa mai cikakken bayani dabam, wadda suka sa wa suna squid.conf.documented.

Layin da aka rufe da alama yana da wata illa ta kansa, wadda ta fi ta dogon bayani ɓoyuwa: bai faɗi ko shi mene ne ba. Shin abin da manhaja ke yi ne da kanta, ko kuwa misali ne na abin da za ka iya sa ta ta yi? Waɗannan biyun kishiyoyin juna ne, amma kamanninsu ɗaya. Masu shirya Samba a Debian sun ga wannan, har suka yi doka a kan takardar smb.conf, cewa layin da aka rufe da # yana nuna saitin asali ne, wanda aka rufe da ; kuwa shawara ce wadda ta saɓa wa asali. Dabara ce mai kyau, sai dai ta takarda ɗaya ce, ta gaba ba ta san da ita ba. PostgreSQL kuma ta taɓa samun nata tarkon. Mutum ya buɗe layi ya canja adadi, bai ji daɗin sakamakon ba, sai ya mayar da alamar # ya ce wa manhaja ta sake karanta takarda, yana tsammani an koma asali. Ashe ba a koma ba, adadin da ya sa yana nan yana aiki har sai an kashe manhajar an sake ta da ita. Sai a bugu na 8.3, cikin 2008, aka gyara wannan.

Wanda ya fi ba ni mamaki duka yana cikin takardar sudoers, wadda ke faɗin wa aka yarda ya yi aiki da ikon babban mai iko. Shekaru da yawa a ƙarshenta akwai layi mai farawa da #includedir. Duk wanda ya koyi cewa # alamar sharhi ce zai rantse layin nan a rufe ya ke. Ba a rufe ya ke ba, umurni ne mai rai, alamar kuwa cikin sunansa ta ke. Masu son tsabta sun share shi tare da sauran sharhi, masu son su buɗe shi sun cire alamar, duka biyu suka ɓata abin da ke aiki lafiya, a takardar da in ta lalace mutum ya kan rasa ikon gyara ta. Sai cikin 2020, a bugu na 1.9.1, aka kawo @includedir domin a raba gardama.

To, me ɗaya ɓangaren suka yi? Mutanen OpenBSD, waɗanda Theo de Raadt ke shugabanta tun 1995, sun daɗe a kan cewa bayani wurinsa ɗaya ne, watau shafin jagora da a ke kira da umurnin man. Wannan ba sabon abu ba ne, gama littafin jagora na Unix ya fito tun watan Nuwamba 1971, sashe na 5 a cikinsa kuwa an keɓe shi domin bayanin irin waɗannan takardu, haka ya ke har yanzu. Abin da OpenBSD ta ƙara shi ne tsanani: kuskure cikin shafin jagora a wurinsu kuskure ne kamar na manhaja, a kan gyara shi tare da ita. Cikin Nuwamba 2014, a bugu na 5.6, suka kwashe takardun misali da yawa daga /etc suka tara su a wani aljihu dabam, /etc/examples. Wanda ke bukata ya ɗauko ya kwafa, wanda ba ya bukata aljihunsa ya zauna fes, abin da ke cikinsa duk abin da shi ya sa ne. Misalan kuwa tun da ba na kowa ba ne, a kan sabunta su da kowane bugu ba tare da an tambayi kowa ba. FreeBSD ta bi wata hanya mai kama da wannan. Saitin asali duka, da ɗan bayanin kowane, yana cikin /etc/defaults/rc.conf, wadda a ke karantawa amma ba a taɓawa, abin da ka ke so ka canja kuwa ka rubuta shi a /etc/rc.conf, shi zai rinjaya. Ka ga baƙo ya sami jerin da zai bi da ido, mai na'ura kuma ya sami gajeriyar takardarsa. Ni dai ban ga wanda ya fi wannan kusa da biyan bukatar ɓangarorin biyu ba. Wani abin lura kuma, mutanen OpenBSD ɗin nan su ne masu sshd_config da na ambata a sama, ba su kuwa fid da layukanta rufaffu ba. Ko masu tsanani sun san akwai takardar da kowa ke buɗewa, sun bar mata 'yar alfarma.

A Linux yanzu yayin da a ke yi shi ne na 'yan ƙananan takardu. A bar babbar takarda yadda ta zo, kai kuma ka jefa taka 'yar ƙarama cikin wani aljihu na kusa mai ƙarewa da .d, manhaja ta haɗa su. OpenSSH ta karɓi wannan a bugu na 8.2, cikin Fabrairu 2020. Ya warkar da ciwon tsufan sharhi, tun da babbar takarda ta koma hannun mai ita. Amma kada a ce ba shi da nasa. In takarda biyu sun saɓa, wace ce ke ci? A systemd ta ƙarshe a jerin haruffa ita ke ci. A sshd kuwa ta farko ce ke ci, shi ya sa Debian da Ubuntu suka sa layin da ke jawo ƙananan takardun a can sama. Mutum sai ya gyara babbar takarda ya hana shiga da kalmar sirri, ya tafi gida hankali kwance, alhali wata 'yar takarda da bai san da ita ba ta riga ta ce a bari. Maganinsa shi ne umurnin sshd -T, wanda ke faɗin abin da manhaja ta ɗauka bayan ta haɗa kome. Wa zai gaya wa baƙo wannan, in ba takardar da ke gabansa ba?

Nan ne na rabu da masu cewa a share sharhi ƙaf. Akwai maganar da ba ta da wani mazauni sai kan takardar. Sunan shafin jagorar da ya bayyana ta, layi ɗaya ne, ba ya kuwa tsufa. Faɗin cewa takardar nan na'ura ce ke rubuta ta, duk abin da ka sa za a shafe, kamar yadda a ke yi a kan grub.cfg, tare da nuna inda ya kamata a yi gyaran, watau /etc/default/grub, wannan ya ceci mutane da yawa daga aikin banza. Haka kuma faɗin wace takarda ke rinjayar wata, da faɗin kayan aikin da za a gwada takardar da shi kafin a ta da manhaja, kamar visudo. Duk waɗannan magana ce a kan takardar kanta, yadda za a riƙe ta. Bayanin abin da kowane saiti ke nufi, da adadin da ya ke da shi na asali, shi ne ke canjawa da bugu, shi ya kamata ya tafi inda a ke sabunta shi.

Gargaɗin haɗari fa? A sa shi, amma kada mai manhaja ya ɗauka ya sauke nauyi da shi. Redis, wata ma'ajiya mai sauri, ta daɗe tana zuwa a shirye ta amsa wa duk wanda ya kira ta daga ko'ina, ba tare da kalmar sirri ba, aka bar wa mai na'ura ya karanta bayani ya kulle da kansa. Dubban mutane ba su kulle ba, aka yi ta shigar musu. Sai a bugu na 3.2, cikin 2016, aka sa ta ƙi amsa wa na waje in ba a tsare ta ba. MongoDB ma haka, a farkon 2017 ɓarayi suka shafe ma'ajiyoyi dubbai da aka bari a buɗe, suka ce sai an biya fansa, a bugu na 3.6 na wannan shekara aka mai da asalinta ta saurari na'urar da ta ke ciki kaɗai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda bai karanta ba ya yi sakaci, amma wanda ya sayar da gida ba ƙyaure, ya rubuta a bango cewa a yi hankali da ɓarayi, shi ma sai ya amsa tambaya.

Sharhin da na fi ganin darajarsa kuwa ba mai manhaja ke rubuta shi ba, mai na'ura ne, shi ne kuma ya fi ƙaranci. Littafin jagora zai gaya maka abin da saiti kaza ke yi. Ba zai taɓa gaya maka don me wanda ka gada ya mai da adadin nan daga 100 zuwa 400 ba, ko wace rana, ko da umurnin wa, ko kuwa don wata tsohuwar na'ura ce wadda an riga an jefar. Rashin wannan layi ɗaya shi ke sa magaji ya ji tsoron taɓa kome, ya bar ƙofar da aka buɗe don bukatar mako guda ta shekara biyar a buɗe. A ofis ba ma karɓar gyara cikin rajista sai da sa hannu da kwanan wata a gefe, ban ga abin da ya sa takardar saiti za ta fi rajista arha ba. Wannan sharhi kuwa a gajeriyar takarda ya ke fitowa fili. In an binne shi tsakanin layi dubu na mai manhaja, masu alama iri ɗaya da tasa, grep ɗin nan da kowa ke sawa za ta share shi tare da su.

Saura magana ɗaya wadda ta shafe mu. Sharhin da ke cikin takardun nan da Turanci ya ke, haka kuma zai zauna, domin takarda ɗaya ce a ke aika wa duniya duka, ba a iya juya ta zuwa wani harshe sai an taɓa fayil ɗin da na'ura ke karantawa. Shafin jagora ba haka ya ke ba. Yana zaune dabam, ana iya ajiye fassararsa kusa da shi, na'ura ta zaɓo wa mutum bisa harshen da ya saita. Faransawa da Jamusawa da mutanen Japan sun yi wa shafuna da yawa wannan hidima. Saboda haka in wata rana samarinmu masu ilmin kwamfuta suka yi niyyar bayyana sshd_config da Hausa, ƙofar da ke buɗe gare su ita ce shafin jagora na sashe na 5. Layin da mai na'ura ke rubuta wa magajinsa kuwa, ba ya jiran fassarar kowa, tun yau zai iya sa alamar # ya rubuta shi da Hausa, da kwanan wata, na'ura ba za ta ce masa kome ba.



Naka,
Akawu